Na je canza allurar tazara, likita ya kawo maganar gwajin bakin mahaifa

Maman Sudais, Fadamar Mada:
Assalamu alaikum matan gida. Don Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Allurar wata uku nake yi tun bayan haihuwar autana, to yanzu jikina ya fara ƙin ta, ga ƙiba, al'ada kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Na je wurin likitan da ke duba mu ni da yara da Abbansu, likitan iyali ne, na ce a mayar da ni kan ashana, wadda ake sawa a hannu. Ya ce ba matsala, ya auna hawan jini, ya yi tambayoyinsa. Can sai na ji ya ce yaushe rabona da gwajin bakin mahaifa. Na ce ni ban taɓa yi ba. Ya ce da shekara 34 da 'ya'ya biyar ai tuni ya kamata, in dawo zai haɗa ni da nas mace. Wallahi tun lokacin gabana ke faɗuwa. Ba ciwo na kai masa ba. Wani abu ya gani yake ɓoye mini, ko allurar ce ke kawo sankara?

Amaryar Gwallaga:
Wa alaikumus salam. Anty ni ma ina nan na kasa kunne. Ana ta faɗa mana abubuwan nan su ke kawo ciwon daji.

Hajiya Inna Wunti:
Ai ruwa ba ya tsami banza. Ni goma sha ɗaya na haifa, tara na raye, ban taɓa sanin wata allura ko ashana ba, kuma ba wanda ya taɓa leƙa ni. A zamaninmu mace ta yi arba'in a gida, ta yi goyonta shekara biyu, tazara ta zo da kanta. Yanzu kun cusa wa jikinku abin da ba ku san asalinsa ba, ga shi ana neman ciwo a jikinku da fitila.

Sista Rabi:
Maman Sudais, kwantar da hankalinki, ba abin da ya gani. Ta ina ma zai gani, bai duba ki ba? Aikinsa ya yi, kuma ki riƙe likitan nan da kyau. Na yi shekaru a ɗakin tazarar haihuwa, abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mace ba ta zuwa asibiti sai da ciki ko da yaro ba lafiya. To ranar da ta zo da ƙafarta, lafiyarta ƙalau, don a canza mata tsari, ranar ce za a kama ta a yi mata gwajin. Gwajin na masu lafiya ne. Wadda ciwon ya riga ya bayyana a jikinta wani bincike daban ake yi mata.

Hajiya Inna, ranki ya daɗe, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma ciwon nan akwai shi a zamaninku. Ki tuna tsofaffin da suka daɗe da daina al'ada sai jini ya dawo musu, ga ruwa mai wari, a ce jifa ne ko sanyi ne ya yi tsanani, a yi ta hayaƙi da saiwoyi har rai ya yi halinsa. Da yawansu shi ne, suna ne kawai ba a sa masa ba. Kuma ba su taɓa ganin ashana ba.

Hajiya Inna Wunti:
Wannan kam an yi su, Allah Ya jiƙan kishiyar uwata. Amma ban janye maganata ba.

Dakta Asma'u:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga maganar da ake yi. Ni ma ɓangaren likitancin iyali nake, bari in ɗora a kan na Sista.

Abin da ke kawo sankarar bakin mahaifa kusan duka ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, ta hanyar kwanciyar aure ake ɗaukarta. Tana da ire-ire da yawa, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Mafi yawan mutane, maza da mata, sai sun haɗu da ita a rayuwarsu ba tare da sun sani ba, kuma a mafi yawansu jiki ke kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A wasu matan ne take maƙalewa, ta riƙa canza fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Kafin wannan canjin ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, in garkuwar jiki ta yi rauni kuma 5 zuwa 10. Duk tsawon wannan lokacin ba zafi, ba jini, ba komai. Wannan canjin muke nema da gwaji, saboda a wannan matakin maganinsa na 'yan mintoci ne.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, mata kusan 12,000 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 suka rasu. Ku dubi kusancin lambobin biyu. Dalili shi ne sai ciwo ya ci ƙarfin mace ake kawo ta.

Maman Khairat, Jahun:
To Dakta tsaya. Kin ce ta kwanciya ake ɗauka. Ni da budurcina na shiga gidan mijina, ban san kowa ba sai shi. Kenan idan aka same ni da ita shi ne yake bin waje? Don wallahi gidan nan ba zai zaunu ba.

Dakta Asma'u:
A'a Maman Khairat, kar ki kai can. Ƙwayar tana iya kwanciya a jikin mutum shekaru ba ta nuna kanta ba. Namiji ya taɓa aure ya rabu, ko ya auri bazawara wadda ita ma daga tsohon mijinta ta samo, ko gida mai mata uku kowacce da tarihin aurenta na halal. Ba wanda ya yi laifi a nan. Gwajin ba ya faɗin yaushe aka ɗauka ko daga wa. Na ga gidan da aka kusa rabuwa a kan wannan, abin takaici, alhali matar ma ƙaramin canji aka gani aka ƙone shi a rana ɗaya.

Amaryar Gwallaga:
Amma Dakta ba ki amsa ta farko ba. Magungunan tazarar suna kawo shi ko ba sa kawowa?

Dakta Asma'u:
Ba zan rufe ku ba. Ba su ke haifar da shi ba, in babu HPV ba za su sa miki shi ba. Sai dai ƙwayar sha ta kullum mai sinadari biyu, idan mace ta haura shekara 5 tana sha, an ga haɗarin yana ɗan ƙaruwa a wadda ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana kuma sauka bayan ta daina. Ita wannan ƙwayar tazarar dai tana rage haɗarin sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa. Robar da ake sakawa a cikin mahaifa ba ta ƙara haɗarin. Sannan abin da ba a son ji: yawan haihuwa shi ma yana cikin abubuwan da ke ƙara shi, haka fara kwanciyar aure da ƙananan shekaru, haka shan taba, haka cutar HIV, wadda mai ɗauke da ita ta ninka sauran mata haɗari har sau shida. Kun ga ba wadda za ta ce ita ta tsira don ba ta tazara.

Hajiya Inna Wunti:
Wato yanzu haihuwar ma ta zama laifi. Allah Ya kyauta.

Mama Rifkatu, Yelwa:
Hajiya ba haka ta ce ba. Ni bakwai gare ni, kuma na yi gwajin bara lokacin da aka zo wa matan zumunta da shi a coci. Bari in faɗa wa Maman Sudais yadda yake don tsoron ya ragu. Ɗaki ne da labule, nas mace da mai taimaka mata. Za ki kwanta ki rufa da zaninki, ta sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa ta ɗan buɗe, sanyinsa ne ma ya fi damuna. Sai ta haska fitila, ta shafa ruwan khal da auduga a kan tsinke, ta dubi agogo minti ɗaya. Ɗan raɗaɗi kaɗan. Ta ce idan akwai wurin da ya fara canzawa fari yake komawa. Nawa bai koma ba, ta rubuta a kati ta ce in dawo bayan shekara 3. Ban gama ɗaura ɗankwali ba ta kira ta gaba. Wadda ta haihu sau biyar wannan ba komai ba ne a wurinta.

Sista Rabi:
Yawwa Mama Rifkatu, wannan shi ne VIA, shi ya fi yawa a wurarenmu don ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, a take ake ganin sakamako. Akwai na Pap, wanda ake ɗan gogo bakin mahaifa a shafa a gilashi a kai a duba, sai ki dawo karɓar sakamako. Akwai kuma na neman ita HPV ɗin kanta, shi ya fi duka inganci, in ya fito lafiya sai bayan shekara 5 zuwa 10, amma ba ko'ina ake samu ba. A manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na ATBU da ke Bauchi ko na tarayya da ke Azare ku tambayi ɓangaren mata wanne suke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai HIV daga 25 kuma ita a riƙa maimaita mata da wuri. In an ga farin wurin, akwai na'urar da ake ɗora wa wurin ta ƙone shi da zafi ko ta daskarar da shi. Ba tiyata ba ce, ba a cire mahaifa, kuma mace tana haihuwarta bayan nan. Za ki yi 'yan makonni kina ganin ruwa-ruwa, a ce ku ƙaurace wa juna ke da maigida kamar wata ɗaya. Nan ne rigimar take, shi ya sa nake cewa a sanar da shi tun kafin a je.

Admin, Maman Walid:
Wata 'yar uwa ta turo ta bayan fage, ta ce a ɓoye sunanta. Ga saƙon: "Shekaruna 41, ashana ce a hannuna. Kusan duk lokacin da muka kwanta da mijina sai na ga jini, ga wani ruwa mai ƙarni da ba na rabuwa da shi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce ashanar ce da sanyi, ya haɗa mini magani har na gaji da sha. In je a cire ashanar ne?"

Uwargida Tirwun:
Ashanar ce mana. Ni haka ta yi mini, jini yau jini gobe, sai da na cire na huta. Ki je a cire, ki nemi bagaruwa ki riƙa kama ruwa da ita.

Dakta Asma'u:
Don girman Allah 'yar uwa kar ki tsaya kan wannan shawarar. Uwargida, ki yi haƙuri, naki daban nata daban. Gaskiya ne ashana da allura suna rikita al'ada: ɗigo-ɗigo, ko ta daɗe, ko ta ɗauke ɗungurungum, musamman watannin farko, kuma wannan ba cuta ba ne. Amma jinin da ke zuwa bayan kwanciya, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, da jinin da ya dawo bayan mace ta manyanta ta daina al'ada, waɗannan ba a ɗora wa tazara su sai an buɗe an ga bakin mahaifa da ido. Yana iya zama ƙaramin abu, tsiro marar illa ko ciwon sanyi na gaske da bai samu maganin da ya dace ba. Yana iya zama wanda muke magana a kai. Mai kemis ba zai bambance ba, ni ma daga nan ba zan bambance ba. Ki je cikin satin nan, ki faɗa wa likita da bakinki cewa bayan saduwa kike ganin jinin, kar ki ce kawai "al'adata ta rikice", don da wannan kalmar za a ba ki ƙwaya a sallame ki. Kuma kar ki matsa komai kwana biyu kafin ki je.

Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a aikin nan. Tazara ta zama abin jingina wa kowane jini, mace ta cire ashana ta zauna jiran ya tsaya, wata shida, shekara, ga ciki ya shiga a tsakani.

Uwargida Tirwun:
To Allah Ya ba ta lafiya. Ni dai abin da na sani na faɗa.

Maman Sudais, Fadamar Mada:
Allah Ya saka da alheri. To batun canjin fa? Ashanar ce ta fi ko robar? Kuma jinin da ya ɗauke mini, wata ta ce taruwa yake yi a mara.

Sista Rabi:
Ba ya taruwa ko'ina. Allurar tana hana shimfiɗar cikin mahaifa yin kauri ne, to babu abin da zai zubo. Abin da ya kamata a faɗa wa kowa kafin a yi mata Depo-Provera, wato allurar wata uku, shi ne idan ta daina ciki yana iya jinkiri, wata har kusan shekara daga allurar ƙarshe. Ba ta kashe mahaifa, amma amarya ko mai son haihuwa nan kusa ba ita zan fara ba ta ba. Sayana Press maganinsu ɗaya, ita dai ƙaramar allura ce da ake koya miki ki yi wa kanki a cinya ko ciki duk wata uku. Noristerat ta wata biyu ce.

Ashana iri biyu ce a wurinmu: Implanon sanda ɗaya shekara 3, Jadelle sanda biyu shekara 5. A ƙarƙashin fatar damtse ake sawa bayan an kashe wurin, kuma da wuya ƙwarai ta bar wurinta, ba kamar yadda ake yaɗawa cewa zuciya take tafiya ba, ki taɓa za ki ji ta. Ranar da aka cire ciki na iya shiga a watan. Amma ke da rikicin al'ada da ƙiba suka kore ki daga allura, ki sani ashana 'yar gidansu ce, sinadarin dangi ɗaya ne. In ni ce ke zan tambayi likitan robar mahaifa mai jan ƙarfe. Ba sinadarin da ke shiga jini, tana kai shekara 10, al'adarki na zuwa a kan lokacinta, sai dai takan ƙara yawa da ciwon mara a farko, don haka mai ƙarancin jini ta yi tunani. Daɗin abin, kwanciya ɗaya ce: ƙarfen da za a sa a duba bakin mahaifa shi za a sa a saka robar.

Ƙwaya mai sinadari biyu kuwa ba a ba mai hawan jini, ko mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai jego da ke shayarwa. Shi ya sa ya auna ki. Masu aiken yaro kemis ya sayo, ku ji da kyau.

Maman Khairat, Jahun:
An ce kyauta ne a asibitin gwamnati, amma ni sai da na biya.

Sista Rabi:
Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazarar kansu kyauta ne a asibitocinta da na jihohi. Abin da akan ce ki saya safar hannu ce da auduga da gwajin fitsari. Wani lokacin kuma ki je a ce wanda kike so ya ƙare.

Hajiya Inna Wunti:
Duk wannan dogon lissafi, nono fa? Mu da shi muka yi.

Sista Rabi:
Yana yi Hajiya, amma da sharaɗi uku a tare: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ko ruwa ba a ba shi, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, shi kenan. Ku kuma a lokacinku ba nonon kaɗai ba ne, goyon ciki da wankan gida sun raba ku da mazan wata da watanni. Yanzu ana gama arba'in direba na ƙofar gida. Kwanikar da muke gani a awo ba kaɗan ba ce.

Malama Ummu Abdallah:
Na so in yi shiru amma an turo mini tambayoyi ta gefe. Tazara ta wani lokaci, da yardar miji da mata, da hanyar da ba ta cutarwa, malamai da yawa sun halatta, suna kafa hujja da azalu da sahabbai suka yi a zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta tafi a kan haka, ta kuma hana tsayar da haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Ku lura da yardar juna. Masu sa ashana a ɓoye, ni ba na goyon baya.

Masu ɗigon jini kuma, kar ki ajiye sallah wata guda ki ce haila ce. A mazhabar Malikiyya wadda ta san kwanakinta tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah. Mai yankewa yana dawowa lissafinta daban, ta same ni ko wani malamin da kwanakinta a rubuce.

Maman Walid:
Malama, na ɓoyen nan akwai magana. Akwai wadda likita ya ce wani cikin zai iya kashe ta, mijin ya ce shi bai san zance ba. Ta mutu kenan?

Malama Ummu Abdallah:
Wannan lalura ce, hukuncinta daban. Amma a fara da kai shi gaban likitan, ko a sa wanda yake jin nauyi ya yi masa magana.

Dakta Asma'u:
Amfanin likitan iyali kenan, shi ke duba hawan jinin maigidan, ya san ta inda zai shigo masa. Sau da yawa mijin da ya ƙi a gida in ya zauna a ofis aka nuna masa katin matarsa sai ya sauko. Ba duka ba dai.

Kafin in tafi, masu 'yan mata: rigakafin HPV ya shiga jerin alluran gwamnati a watan Oktoba 2023, Bauchi na cikin jihohin da aka fara da su. Allura ɗaya ce, kyauta, an yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta tun 2011.

Amaryar Gwallaga:
Ita ce aka ce tana hana haihuwa? Babanmu ya hana a yi wa ƙannena a makaranta. Ya ce me ya sa mata kawai, kuma me ya sa kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai ka saya.

Dakta Asma'u:
Tambayar Baba tana kan hanya, ba zan raina ta ba. Mata aka fara da su don su ke da bakin mahaifa kuma allurar ba ta wadata ba, a Ingila da Ostareliya har maza ake yi wa. Ƙanana ake so don ta fi aiki kafin a haɗu da ƙwayar. Waɗanda aka yi wa a shekarun farko yanzu iyaye ne, ba a ga ta taɓa haihuwarsu ba. 'Yata an yi mata. Amma ko wadda aka yi wa, in ta kai shekarun sai ta yi gwaji, don allurar ba ta rufe dukkan ire-iren ba.

Hajiya Inna Wunti:
Ni da na daina al'ada shekara da shekaru, ai na wuce wurin ko?

Sista Rabi:
Ba ki wuce ba Hajiya, tunda ba ki taɓa yi ba. Sai dai ke ba na ruwan khal za a yi miki ba, bayan shekara 50 wurin da ake dubawa yakan shige ciki ido ba ya kai masa. Na Pap ko na HPV za ki nema.

Hajiya Inna Wunti:
Hmm. Namiji dai ba zai duba ni ba.

Sista Rabi:
Ki faɗa tun a wurin yankar kati cewa mace kike so. Haƙƙinki ne.

Maman Khairat, Jahun:
Malama, ina da ramuwar azumi. In na je ina azumi ya karye? Kuma sai na yi wanka?

Malama Ummu Abdallah:
Ita wannan majalisar fiƙihun a zamanta na Jidda a 1997 ta ce abin dubawa da likita ke sawa a gaban mace, har da saka robar mahaifa, ba ya karya azumi. Akwai malaman da suka saɓa, to tunda ramuwa ce kuma ke ke zaɓar rana, ki je ranar da ba kya yi. Wanka bai hau kanki ba, alwala dai ki sake.

Sista Rabi:
Ki kuma lissafa kar ranar ta faɗo cikin al'ada, jini na rufe wurin sai a ce ki koma ki dawo. Ki tafi da zani na daban da audugar mata guda ɗaya.